Ranar da Torquil Ya Yi wa Baƙi Banda

Mu mutanen tsibirin Halasay Allah ya yi mu da wani hali, ba ma iya ganin abu yana tafiya a banza. Igiyar da teku ta tofo sai mun tsinta, ƙusar da ta lanƙwashe sai mun miƙe ta. Hatta hayaƙi ba mu yarda ya tashi sama haka kawai ba. Tun kaka da kakanni, duk wanda ya kunna wuta a ɗakin bandarsa, kowane maƙwabci yana da ƙusa ɗaya a ciki da zai rataya kifinsa, kuma hana shi abin kunya ne da za a yi ta goranta wa jikoki. Wannan hali ne ya tona mana asiri a gaban baƙi, amma wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne Torquil MacAskill.

Torquil tsohon ma'aikacin jirgin fito ne da ya yi ritaya. Shi ne kuma shugaban 'yan kwana-kwanan tsibiri, ba don wata bajinta ba, sai don rumfar da ake ajiye motar tana jikin katangarsa. Abin da ya fi tinƙaho da shi hancinsa ne. A faɗarsa, idan ya sansana kofin wiski zai gaya maka gonar da aka noma sha'irin, da ko manomin ya yi faɗa da matarsa ranar girbi. Matarsa Dolina kaɗai ta san hancin nan ya mutu tun wata mura da ya yi shekarun baya, ko madara ta lalace sai ya ga ta yi gudaji yake ganewa.

Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da suke da shi a duniya Marsaili ce, 'yar ƙaninsa marigayi. Yaranmu da sun yi gashin baki sai su hau jirgi, sai dai a gan su a biki ko jana'iza. Ita kaɗai ce ta dawo daga birnin Glasgow, ta gyara tsohon shagon ajiye komar kifi ta mai da shi 'yar ƙaramar matatar wiski. To amma 'yan yawon buɗe ido duk babban tsibirin da ke tsallake suke tafiya, inda manyan matatu suke, mu sai dai mu ɗaga wa jirginsu hannu. Da ƙyar Marsaili ta shawo kan wata Madam Pringle, wakiliyar wani kamfanin yawo, ta yarda za ta kawo baƙi mota ɗaya su gwada. Marsaili ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: in kamfanin bai sa Halasay a hanyarsa ba, za ta rufe matata ta koma birni kafin sanyi ya shigo. Maganar nan ta tsaya wa Torquil a rai, don yana son yarinyar nan fiye da yadda yake son jin muryar kansa, kuma wannan ba ƙaramin so ba ne.

Ana gobe baƙi za su zo, Marsaili za ta haye tsallake ta taho da su. Ta kai Torquil ɗakin hayaƙin matata, mai hawa biyu: wuta a ƙasa, sha'ir a baje a sama kan ragar ƙarfe. Wutar ta tubalin fadama ce, baƙar ƙasar nan da muke yankawa mu shanya mu yi girki da ita.

"Baffa, ka ji ni da kyau. Sha'irin da ke sama shi ne duk abin da gonakin tsibirin nan suka ba ni bana. Ya tsira, yanzu hayaƙi yake sha a hankali. In wuta ta yi ƙasa, ka jefa tubali biyu. Biyu."

"Ni za ki koya wa hayaƙi? Ina shaƙar hayaƙi ubanki yana rarrafe."

"Biyu, Baffa. Kuma gobe ni zan yi bayani. Kai aikinka zuba ruwa a tulu."

Dolina ta ce, "'Yar nan, da kin ba kare makullin da hankalina ya fi kwanciya."

"Ki yi shiru, mace. Gobe za ku ga aiki."

Jirgi bai gama ɓacewa ba Torquil yana kantin Seonaid, inda duk wata magana ta tsibiri take kwana ta tashi. Ya dafa teburin awo ya buɗe baki.

"Me baƙin nan suke nema a tsallake? Hayaƙi! Wiski mai ɗanɗanon hayaƙi. To ni gobe zan yi musu hayaƙin da 'yan tsallake za su hango su ce Halasay ta kama da wuta. Yarinya ta ce biyu. Biyu kuma a hayaƙi? Ai wannan tusar wuta ce."

Kanti ya yi tsit. Ba maganarsa ce ta burge kowa ba, a'a, lokacin kifi ne, kowane gida akwai bokiti cike, ga shi an ce za a yi hayaƙi.

Lachie ne ya fara zuwa. Lachie shi ne direban bas ɗinmu, shi ke haƙa kabari, shi ke busa algaita mai salka a biki, shi ne kuma mataimakin Torquil a kwana-kwana. Ya tsaya a ƙofar ɗakin hayaƙi da kifi biyu a igiya.

"Sarkin hayaƙi, ina ƙusata?"

"Kai Lachie, nan ba ɗakin banda ba ne. Matata ce."

"Wuta ce a ciki?"

"Wuta ce."

"Hayaƙi na fita?"

"Yana fita."

"Ina yake zuwa?"

Torquil ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Sama."

"To ka gani. Asara."

Wannan kalma ta daki Torquil a ƙirji, don shi ma ɗan Halasay ne. Ga kuma an kira shi sarki. Ya hau da Lachie sama, suka buga ƙusa a jikin azara, daidai saman sha'irin, bisa sharaɗin da safe kowa ya kwashe nasa kafin jirgi ya iso.

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Seonaid ta kawo kifi da curin cuku. Wata tsohuwa ta ce ita ƙusa biyu gare ta, tata da ta marigayi mijinta, don ba ta ji an ce ƙusa na mutuwa ba. Rabaran Nicolson da kansa ya zo da kifi uku a naɗe a jarida, yana cewa almubazzaranci zunubi ne. Can ƙarshen layi Torquil ya hango fuskar da ya sani.

"Dolina! Har da ke?"

"In za a yi ɓarna, a yi da ni. Matsa, ka tare min azara."

Da aka gama rataye-rataye, Torquil ya koma kan wuta. Busasshen tubali ba ya ba da hayaƙin da yake so, sai ya turo baro cike da ɗanye, wanda aka yanko shekaranjiya, ya juye. Wuta ta shaƙe ta nemi mutuwa. Ya duba hagu ya duba dama, ya janyo katakan wani tsohon kwale-kwale masu kwalta a jiki ya cusa. Nan take hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, mai kauri. Torquil ya ja da baya ya riƙe ƙugu, ya ja numfashi da hancin da ba ya jin komai.

"Ƙamshi!" in ji shi.

Da safe aka aika kowa ya zo ya kwashe kifinsa, kowa ya aiko da amsa iri ɗaya: bai nuna ba tukuna, a ƙara masa kaɗan. Torquil kuwa ba shi da lokacin bin gida-gida, yana can yana kokawa da bujen gargajiyar mazanmu da ya sa ranar aurensa. Bujen yana nan yadda yake, tumbi ne ya ci gaba. Dolina ta ja nan ta ja can, ta maƙala masa fil ɗaya ta ce kada ya yi tari, kada ya yi dariya, kada ya sunkuya. Suna cikin haka jirgi ya yi ƙaho. Torquil ya ruga ya kulle ƙofar benen ɗakin hayaƙi, ya jefa makullin a safa, ya ce a ransa ai ba dole ne baƙo ya ga komai ba.

Baƙi suka sauko, Jamusawa da Japanawa da wani Ba'amurke mai hular kaboyi, Madam Pringle a gaba cikin farar riga mai tsada. Marsaili ce ta fara saukowa, idonta na kan baƙin ginshiƙin da ya tokare sama daga rufin matatarta.

"Baffa, mene ne wancan?"

"Hayaƙi."

"Na ce maka biyu!"

"Biyu-biyu na riƙa jefawa, 'yata. Da sauri-sauri dai."

Ba ta samu ta amsa ba, don ya riga ya shige gaban bas ya ƙwace lasifika. Daga bakin gaɓa zuwa matata tafiyar shan kofin shayi ce, amma a cikinta Torquil ya gaya wa baƙi cewa kakansa ne ya koya wa 'yan tsallake yin wiski, sai suka sace dabarar suka bar masa tukunya. Ya ce ruwan rafinmu in bebe ya sha sai ya yi waƙa. Lachie yana tuƙi yana cewa, "Haka ne, haka ne," don hankalinsa na kan kifinsa.

Da suka iso, abin da ya fara tarbarsu tsuntsayen teku ne. Sun rufe rufin ɗakin hayaƙi fari fat, waɗanda ba su sami wuri ba suna shawagi suna ihu. A ƙasa kuma duk wata kyanwa da ke Halasay ta hallara, sun jeru a gindin bene kamar masu jiran a raba gado.

Madam Pringle ta ce, "Malam MacAskill, waɗannan kuliyoyin fa?"

"Ma'aikata ne, ranki ya daɗe. Su ke gadin sha'ir saboda ɓera."

"Tsuntsayen fa?"

"Su ke gadin kuliyoyin."

Marsaili ta yi maza ta shigar da baƙi ciki, ta nuna musu tukunyar jan ƙarfe, ta zuba wa kowa ɗanɗano. Abin ya fara tafiya daidai, har Japanawa suna gyaɗa kai. Sai wani Bajamushe mai tabarau ya ajiye kofinsa ya ɗaga hanci sama.

"Gafara dai. Ni kaɗai nake jin ƙarnin kifi?"

Torquil ya ajiye tulun ruwan da aka ba shi ya matso. "Yallaɓai, hancinka ɗanye ne. Wannan iskar teku ce, ita ke shiga ganga ta ba wiski ɗanɗano. Bari gwani ya ji." Ya buɗe hanci ya zuƙi iska har fil ɗin buje ya yi ƙara. "Zuma. Ciyawar tudu bayan ruwan sama. Da ɗan tuffa daga nesa. Kifi kam babu ko ƙaya."

Baƙi suka dubi juna, don a lokacin wata Bajapaniya ta riga ta toshe hanci da gyale.

Ba'amurke ya ce shi fa ya ƙetaro teku ne don ya ga inda sha'ir ke shan hayaƙi. Torquil ya ce makulli ya ɓata. Ya ce benen ya ruɓe. Ya ce a al'adarmu baƙo ba ya hawa sai ya shekara bakwai a tsibiri. Marsaili ta dube shi, irin duban da uwarta take yi, ta zaro nata makullin daga aljihu ta haye. Baƙi suka bi ta, kuliyoyi suka bi baƙi.

Ta tura ƙofa. Daga wannan bango zuwa wancan kifi ne reto-reto, sahu-sahu, sun yi jawur, ga cukun Seonaid a tsakiya yana narkewa. Kowane kifi yana ɗigar da mai, ɗis, ɗis, a kan sha'irin shekara guda, har ya yi ƙyalli kamar an soya shi.

Marsaili ta tsaya a bakin ƙofa. Torquil ya leƙo ta bayan kafaɗarta.

"Wannan, jama'a, shi ne sirrinmu. 'Yan tsallake sun nema sun rasa."

Ana wata ga wata. Buɗe ƙofar nan ya ba wuta iska, man kifin da ya tsiyaya ta raga ya haɗu da kwalta a ƙasa, sai ji aka yi fuu! Harshen wuta ya leƙo. Baƙi suka yo ƙasa a guje suna tari, kuliyoyi suka yi ciki. Can a kan tudu Rabaran ya hango ya kama igiyar ƙararrawar coci yana kaɗawa, kuma har yau ana gardama ko don rayukan bayin Allah ya kaɗa ko don kifinsa uku.

Lachie ya yi ihu, "Shugaba! Gobara!"

"Na gani, ai ni na... kawo mota!"

"Makullin na gidanka!"

Torquil ya zura da gudu. Taku na uku fil ya yi tsalle ya bar aiki. Haka ya ratsa tsakiyar baƙi, hannu ɗaya riƙe da buje, Japanawa suna ɗaukar hoto don sun zaci rawar gargajiya ce. Kafin motar kwana-kwana ta iso, duk tsibirin ya hallara, amma ba mai bokiti ko ɗaya. Kowa da kwandonsa ya zo.

"Kada ku jiƙa min kifi!" in ji Seonaid.

"Torquil, azara ta uku daga hagu nawa ne, ka kauce masa!"

"Ku ba da hanya! Shugaba zai yi aiki!" Torquil ya kama mesa da hannu ɗaya ya ce Lachie ya saki ruwa. Lachie ya saki har ƙarshe. Mesar kwana-kwana kuwa ba a riƙe ta da hannu ɗaya. Ta fizge, ta yi wutsiya kamar maciji, ta fara da tsuntsaye, ta share hular Ba'amurke, ta dire a ƙirjin Madam Pringle ta zaunar da ita cikin tulin tokar tubali. Torquil ya saki buje ya kama mesa, jama'a suka yi salati irin namu, ya saki mesa ya kama buje. A ƙarshe Dolina ce ta taka mesar da ƙafa, ta ɗaga ta ta cusa a bakin murhu, wuta ta mutu. Ruwan ya bi ta raga ya jiƙa sha'ir sharkaf.

Hayaƙi bai gama washewa ba muka afka bene. A gaban baƙin da muka shekara muna roƙon Allah ya kawo mana, muka tsaya muna faɗa a kan kifi.

"Wannan nawa ne, na yanke masa wutsiya!"

"Kowa ma ya yanke wa nasa wutsiya, munafuki!"

"Rabaran, uku ka kawo, ya na ga biyar a hannunka?"

"Ubangiji ne ke ninkawa, 'yata."

Madam Pringle ta miƙe, farar riga ta koma kalar tukunya. Torquil ya matso yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, wannan na gwaji ne. In kun dawo..."

"Malam MacAskill, na kai baƙi matatu da yawa. Ba a taɓa yi musu banda ba sai yau. Kamfaninmu ba zai sake tako wannan tsibiri ba, ko jirgi ne ya nutse da mu a gaɓarku."

Lachie ya mayar da su bakin jirgi da kwandon kifinsa a kan cinya. Sai da ƙarar bas ta yi nisa muka lura da Marsaili. Tana zaune a kan wata ganga a tsakar gida, fuska duk toka, hawaye ya yi mata layi biyu. Kunya ta kama mu, kowa ya mai da kwandonsa bayansa. Torquil ya tsaya a gabanta, kuma tunda aka haife ni ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Tsoro ne ƙarara a fuskarsa, don ya san jirgin da zai tafi da ita shi ya kira shi da hannunsa.

"'Yata," ya ce a hankali, "so na yi ki zauna. Wallahi shi ke nan."

 Ta tashi ta hau bene, ta sauko da sha'ir cike da tafin hannu, jiƙaƙƙe, mai maiƙo. Ta sansana ta runtse ido. Ta kai masa hanci.

"Me ka ji, gwani?"

Torquil ya dubi Dolina. Dolina ta dubi sama.

"Ban ji komai ba, 'yata. Na daɗe ba na ji."

"To ni na ji, kuma za ka ji da harshe." Ta juyo ta fuskanci jama'a a fusace. "Zan busar da shi. Zan dafa shi, in tace, in ɗura a ganga, in rubuta sunan Baffa a jiki da fenti. Kun san doka, sai ya shekara uku a ganga kafin a kira shi wiski. Ranar da ya cika, a nan tsakar gidan zan fasa ta. Baffa ne zai sha kofin farko, cike, a tsaye. Bayansa duk mai ƙusa a ɗakin nan sai ya sha nasa, mai ƙusa biyu ya sha biyu. Rabaran, har da kai."

"Ni ai ba na sha, 'yata."

"Za ka fara. Kuma ba inda za ni sai na ga fuskokinku ranar."

Ta shige matata ta bugo ƙofa. A tsakar gida kowa ya shiga tunanin wiski mai ɗanɗanon kifi da kwalta. Torquil kaɗai ne leɓensa ke motsi, yana lanƙwasa yatsun hannun da ba ya riƙe da buje. Sai ga Lachie ya dawo, ya tambayi abin da ya wuce. Torquil ya kama shi da kafaɗa.

"Shekara uku, Lachie! Ba inda za ta, shekara uku! Madam Pringle da kamfaninta duka baƙi mota ɗaya suka yi alkawari. Ni kuwa da wuta ɗaya na ɗaure ta shekara uku. Kai ka zaci duk abin nan kuskure ne?"

"Shugaba, to me ya sa kake kuka?"

"Hayaƙi ne."

Dolina ta ɗauki kwandonta ta kama hannunsa.

"Ja bujenka sama, sarkin hayaƙi, Rabaran na kallo. Mu je gida ka fara koyon shan man kifi."